Ranar da Aka Tantance Dakta Isiyaku

Shekara ashirin da huɗu Dakta Isiyaku Bebeji ya yi yana horar da masu koyon aiki, rana ɗaya sai ga takarda daga sama wai bai iya ba. To, ba haka aka rubuta ɓaro-ɓaro ba, amma shi haka ya karanta, kuma tsakani da Allah abin da ake nufi ke nan.

Ga wanda bai san shi ba, Dakta Isiyaku masanin halayyar ɗan Adam ne a wani babban asibiti a nan Arewa. Ba ya allura, ba ya rubuta magani. Aikinsa shi ne mutum ya zo da damuwa, ko tsoro, ko wani tunani da ya hana shi sakat, a zauna a yi ta magana har a samo bakin zaren. Ma'aikatan asibitin likitan surutu suke ce masa, amma sai sun tabbata ba ya kusa. A wannan fanni, duk wanda ya gama jami'a sai ya yi shekara guda a hannun wani babba, babban yana duba aikinsa yana sa masa hannu, kafin a ba shi lasisi. Wannan babban shi ake kira sufabaiza. A asibitin nan kuwa in aka ce sufabaiza, ba mai tambayar wanne.

Takardar ta ce nan da wata biyu, duk sufabaizan da bai je horo an tantance shi an ba shi satifiket ba, sa hannunsa ya tashi aiki. Ga shi a lokacin yana da ɗaliba guda a hannunsa, Hindatu, yarinya mai ƙoƙari, ta yi wata goma tana zuwa ba fashi. In bai samu satifiket ɗin nan ba, shekararta ta tafi a banza, sai ta je wani gari ta faro daga farko. Shi kuma a karɓe masa aikin da ya tsufa a kai.

"Ni za a horar?" ya ce, yana kaɗa takardar a gaban Hindatu. "Ni? Haba! Wa ya rage da zai horar da ni?"

Hindatu ƙasa kawai take kallo. Ya dubi fuskarta ya ga idonta ya ciko. Ranar Litinin ta gaba sai ga shi a ɗakin taro na wani otal, an rataya masa kati mai sunansa a wuya.

Salon Dakta Isiyaku ba ɓoyayye ba ne. In ɗalibi ya kawo masa aiki ya ga ba daidai ba, cewa yake, "Wannan shirme ne, koma ka sake." Ɗalibai sukan zagaya bayan ofis su share hawaye, amma suna barin hannunsa sun iya aiki. To a wajen horo aka ce wannan duk ya haramta. Mai koyar da su wani matashi ne, Dakta Mudassir, sa'an ɗan Dakta Isiyaku na fari, mai magana a hankali kamar yana lallashin jariri. Ya ce sufabaiza na zamani ba ya ba da amsa, ba ya hani, tsawa kuwa ko a mafarki. Ko ɗalibi ya nufi rami, tambayarsa za ka yi, "Kai me kake gani?" har ya gano ramin da kansa.

Dakta Isiyaku ya ɗaga hannu. "In kuma sai da ya faɗa sannan ya gano shi fa?"

Dakta Mudassir ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, kai me kake gani?" Sannan ya rubuta wani abu a littafinsa.

Daga ranar Dakta Isiyaku ya gane wannan littafin ba na wasa ba ne. Sati biyu aka yi ana wannan, a ƙarshe aka ce ba a gama ba. Dakta Mudassir zai bi shi asibiti na sati shida, ya zauna a gefe yana kallon yadda yake horar da Hindatu, ya ɗauki muryarsa a na'ura, ya riƙa aika rahoto ga wani kwamiti. A ranar ƙarshe a yi babbar jarrabawa. Mutumin da ya saba in ya yi gyaran murya a baranda masu shara su nutsu, sai ga shi yana tauna kowace kalma kafin ya furta. Ya rame. Hularsa ma har ta fara yi masa yawa.

Ranar jarrabawa ta faɗo Talata. A sashen akwai ɗakuna biyu manne da juna, tsakaninsu wani gilashi babba. In kana ɗakin ganin marasa lafiya, madubi ne kawai, fuskarka za ka gani. In kana ƙaramin ɗakin baya, taga ce, kana ganin komai. Sharaɗinsa guda ne: ɗakin gaba ya kasance da haske, na baya ya kasance da duhu. Tsarin shi ne Hindatu ta zauna da mara lafiya a gaba, Dakta Isiyaku ya kalle ta daga baya, Dakta Mudassir ya kalli yadda Dakta Isiyaku yake kallonta.

Da safe sai ga wani dattijo mai babbar riga ya biyo Dakta Mudassir, wai shi Farfesa Bawa. Ashe shi ma Mudassir ɗin ba a gama tantance shi a matsayin mai tantancewa ba, Farfesa ya zo ne ya duba yadda yake dubawa. Dakta Isiyaku ya buɗe baki zai tambayi wa ke duba Farfesa, ya tuna da littafi, ya haɗiye.

Doka ce a wannan aiki, ba a kallon mara lafiya ta bayan gilashi sai an yi masa bayani ya yarda ya sa hannu. An kuwa shirya wannan tun sati guda. Wata malamar makaranta ce da take tsoron shiga mota tun da ta yi haɗari, ta sa hannu da kanta, kuma tun ƙarfe takwas Dakta Mudassir ya ga takardar ya yi maki a gurbinta cikin fayil ɗinsa. Ƙarfe tara ta yi, ba malama. Tara da rabi sai ga waya, ƙanwarta ta haihu, tana can ɗakin haihuwa a wani asibitin.

Farfesa ya dubi agogo. Ya ce shi fa sha biyu zai kama hanya, direbansa ba ya son tafiyar yamma, kuma in aka ɗage yau ba shi da wata rana kafin wa'adi ya cika. "Ba wani a layi ne?"

Hindatu ta fita ta dawo tana murza hannu. "Dakta, mutum ɗaya ne a layi." Ta ɗan dakata, ta zaro ido. "Malam Ɗanjummai ne."

Malam Ɗanjummai mai gyaran keken ɗinki ne, dattijo mai fara'a da tsabta. Tun da ɓarayi suka fasa masa shago ya shiga wani hali, kullum ji yake ana kallonsa, ana binsa, waɗansu mutane suna laɓe suna rubuta duk abin da ya yi. Wata huɗu Hindatu tana fama da shi, kuma Allah ya taimaka ya samu sauƙi sosai. Duk faɗin garin nan, in akwai mutum ɗaya da bai kamata a zaunar a gaban gilashin nan ba, to shi ne.

"In shigo da shi?" Hindatu ta tambaya.

Da Dakta Isiyakun da ne, da tuni ya daka mata tsawa: Kul! Kar ki kuskura! Har tsawar ta taso ta zo maƙogwaro. Sai ya ga Mudassir ya cire murfin biro. Ya ga Farfesa yana kallon biron Mudassir. Ya tattara ƙarfinsa ya sassauta murya, ya ce, "Hindatu, ke me kike gani?"

Baiwar Allah, ina za ta sa kanta? Ta ɗauka gwaji ne. In ta ce a'a, za a ce ɗalibarsa matsoraciya ce, ta ja masa faɗuwa. Ta ce, "Ina ganin... zan iya?"

Dakta ya ƙura mata ido ya fara girgiza kai a hankali. Mudassir ya juyo. Nan take Dakta ya mai da girgizar ta zama gyaran hula.

"Madalla," in ji Mudassir, yana rubutu. "Yallaɓai, ka ga yadda ka bar ta ta yanke shawara da kanta? An samu ci gaba sosai."

Takardar yarda kuwa ba wanda ya tuna da ita, tunda gurbinta ya riga ya sha maki tun safe.

Su uku suka shige ɗakin baya suka kashe fitila. Ɗakin bai fi girman kicin ba, babbar rigar Farfesa ta cinye rabinsa. Dakta Isiyaku a gaba daf da gilashi, Mudassir a bayansa, Farfesa a bayan Mudassir, kowa da littafi a cinya.

Malam Ɗanjummai ya shigo da sallama, ya zauna, suka gaisa da Hindatu har da tambayar mutan gida. Ya duba ɗakin ya ce, "Yau an canja mana wuri, 'yata."

"E, Baba. Ana... ana gyara a wancan."

"To, ba laifi. Har da madubi." Ya shafa ƙeya. "Kin san wani abu? Sati uku rabona da jin abin nan. Amma ina shigowa ɗakin nan sai na ji ya dawo. Ji nake kamar ana kallona."

A ɗakin baya zufa ta karyo wa Dakta Isiyaku. Ita kuwa Hindatu ta saci kallon madubin. Gaskiya ba ta faɗuwa, wata ƙaryar kuma ba za ta iya ƙarawa ba. Sai ta kama abin da aka koya mata, ta ce, "To Baba, in tunanin ya zo, me muka ce za ka yi?"

"In tambayi kaina, wace hujja nake da ita."

"To... wace hujja kake da ita?"

"Babu ko ɗaya!" Ya yi dariya, har da tafa hannu. "Kin ga aikinki ko? Da can da tuni na tashi ina leƙa bayan labule. Yanzu kuwa na san zuciya ce kawai take raya mini. Bari ki gani."

Ya miƙe ya taka har gaban madubin. Ya gyara zaman hularsa. Ya buɗe baki ya duba ko goro ya maƙale a haƙori. Tsakanin hancinsa da hancin Dakta Isiyaku bai fi taƙi ɗaya ba. Dakta ya ɗauke numfashi, yana karanto duk addu'ar da ta zo masa.

Malam Ɗanjummai ya nuna madubin da yatsa ya ce, "Ɗanjummai, ka nutsu. Ba mai kallonka. Wa ya damu da kai? Daga kai sai hularka."

Rufe bakinsa ke da wuya aka ɗauke wuta.

Ɗakin gaba ba taga, ya yi duhu ɗulum. Wannan ba komai ba ne, da kowa ya zauna inda yake. Duk wanda ya taɓa aiki a bayan gilashin nan ya san in wuta ta tafi, ko ashana ba a ƙyastawa. Amma Farfesa Bawa, Allah ya ba shi ilimi, littafi biyu ya wallafa a kan horar da sufabaiza, sai dai bai taɓa zama a irin wannan ɗaki ba. Shi damuwarsa ba ya ganin abin da Mudassir yake rubutawa. Ya laluba aljihu ya ciro waya ya kunna tocila.

Ai kuwa madubi ya koma taga. Inda Malam Ɗanjummai yake ganin fuskarsa, sai ga fuskoki uku a jere, haske yana dukansu daga ƙasa, kowa ya zaro ido, kowa da biro a hannu.

Dakta Isiyaku ya ce a ransa shi ke nan, yanzu zai kurma ihu, aikin wata huɗu ya rushe. Amma Malam Ɗanjummai ko gezau. Ya ɗaga yatsa ya ƙirga su a natse, "Ɗaya, biyu, uku." Ya waiwaya cikin duhu.

"'Yata, zan tambaye ki, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ke ma kina ganinsu, ko ni kaɗai ne?"

Muryar Hindatu ta fito da ƙyar. "Ina ganinsu, Baba."

"Da littattafan?"

"Da littattafan."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Ɗanjummai. Ya juya ga gilashin ya ɗaga hannu. "Salamu alaikum."

Farfesa, saboda sabo, ya amsa da ƙarfi, "Wa alaikumus salamu!"

Ba yadda za a yi, suka fito ɗaya bayan ɗaya suka zagayo ɗakin gaba. Aka buɗe ƙofa don hasken baranda ya shigo. Malam Ɗanjummai ya koma kujerarsa ya harɗe hannu yana kallonsu, su kuwa suna tsaye kamar 'yan makarantar da aka kama sun tsallake katanga.

Sai a lokacin Dakta Mudassir ya tuna. Ya buɗe fayil, ya ga sunan malamar makaranta a takardar yarda. Ya yi gyaran murya ya ce yana baƙin cikin sanar da cewa kallon mara lafiya ba da yardarsa ba faɗuwa ce kai tsaye, ba sai an kai wa kwamiti ba. Hindatu ta dafe bango.

Farfesa ya leƙa fayil ɗin ta saman tabarau. "Wa ya yi maki a wannan gurbin?"

Mudassir ya yi tsuru-tsuru. "Ni ne, ranka ya daɗe."

"To kai ma ka faɗi."

Wanda ya kunna tocila kuwa, ba wanda ya ga dacewar a tambaya. Amma da alama shi ma Farfesan ya tuna akwai inda zai kai nasa rahoton, don sai ya sassauto. Ya ce abin da ya faru ya faru. In mara lafiya ya ji cikakken bayani yanzu, ya yafe, ya sa hannu don kansa ba tilas, shi zai karɓa. In ya ƙi, to kowa ya san inda ya kwana.

Mudassir ya yi wuf ya ciro sabuwar takarda, ya durƙusa a gefen kujera, ya fara bayani da muryar nan tasa ta lallashi, wai wannan wani tsari ne na tabbatar da inganci a matakai daban-daban. Malam Ɗanjummai ya bar shi ya yi nisa, sannan ya ɗaga masa hannu.

"Samari, Hausa kake yi, amma ban gane ko ɗaya ba. Ni kuwa ba na sa hannu a abin da ban gane ba." Ya nuna Dakta Isiyaku da haɓa. "Wancan bawan Allah da ya fi kowa zufa, shi ne na gaba a taga. Shi zai gaya mini. Me na yi muku?"

Dakta Isiyaku ya dubi Mudassir, ya dubi biron, ya dubi Hindatu da ke jikin bango. Abin da ya danne sati takwas ya ƙi dannuwa.

"Malam, ka yi wa Allah ka yi haƙuri. Mun yi maka laifi, babba ma kuwa. Amma wallahi tallahi ba kai ake kallo ba. Ni ake kallo!" Ya bugi ƙirjinsa. "Ni! Duk inda na juya yaron nan yana bayana da biro. In na yi magana ya rubuta, in na yi shiru ya rubuta. Ko tari na yi sai na ga biron ya motsa. Ya ajiye wata 'yar na'ura a teburina tana ɗaukar muryata. Sai ya kwashe duka ya aika wa waɗansu mutane can sama, ban san sunansu ba, ban taɓa ganin fuskarsu ba, su zauna su yi ta shawara a kaina!"

Malam Ɗanjummai ya gyara zama. "Tun yaushe?"

"Sati shida ke nan cur! Yanzu ko a gida, in maiɗakina ta tambaye ni me za a dafa, sai na waiwaya kafin in ba ta amsa. A masallaci mutum ya sa hannu a aljihu zai ciro carbi, ni gani nake biro zai ciro. Abinci ba ya shiga. Dubi wuyana!"

"Ka gaya wa wani?"

"Wa zan gaya wa, Malam? Duk bakinsu ɗaya!"

Malam Ɗanjummai ya daɗe yana kallonsa, tausayi ƙarara a fuskarsa. Ya miƙa hannu ya karɓi biron Mudassir, ya dafa takardar a gwiwa ya sa hannu, ya miƙa wa Farfesa. Sannan ya tashi, ya kaɗe kujerarsa da gefen riga, ya kamo hannun Dakta Isiyaku a hankali, ya dubi Hindatu.

"'Yata, zaunar da shi a nan ki buɗe masa fayil. Ni ko ranar da aka kawo ni ban kai haka ba."